Gwiwar Dogo da Bakin Ubansa

Litinin, 16 ga Yuni, bayan La'asar

Likita ya ce jijiyar gwiwa ce ta tsinke. Ya ɗaga hoton a fitila yana nuna min da biro, wai nan, ka gani? Ni dai baƙi da fari kawai na gani. Shekara ashirin da ɗoriya ina sayen tufafi a kasuwar Guangyuan ina tura wa mutanen Kano, ko ido rufe ka miƙo min riga zan gaya maka inda ɗinki zai fara saki. Amma gwiwar yaron da na haifa, sai wani ya nuna min da biro.

Dogo yana kwance, ƙafafunsa sun wuce gadon asibitin har an tara musu kujera. Uwarsa, Saffana, 'yar ƙasar nan, ita ke ta jero wa likita tambayoyi da yarensu, da sauri, yadda take yi in ba ta so in bi zancen. Na bi. Za a yi aiki, sannan kusan shekara kafin ya sake taka fili. Zaɓen da manyan ƙungiyoyin ƙwallon kwando suke yi wa 'yan jami'a kuwa wata mai zuwa ne. Bana ya gama karatu, bana ce shekararsa. Wanda ba a kira sunansa ba ya tafi ya nemi wata sana'ar.

Tsalle ya yi ya sauko. Babu wanda ya taɓa shi.

Laraba, 18 ga Yuni, da safe

Babu wanda ya taɓa shi. Na sake kallon bidiyon a jirgin ƙasa na metro tun daga unguwarmu Panyu har na kusa wuce tashata. Baki ne, ba wani abu ba.

Tun farkon shekara na hana, ba a ji ba. Duk Bahaushen da ya sauka garin nan, kafin ya ga kaya sai an nuna masa Dogo a waya. Ɗan Alhaji Dogara ne, kai ka ga hannu, ka ga tsalle, wannan ai cikin biyar na farko za a ɗauke shi. Ko masha Allah babu. Tankari, maƙwabcina a kasuwa, mutumin Maraɗi, shi ne shugaban masu talla. Har hoton yaron ya manna a jikin kantarsa kusa da lambar wayar masu kago, masu jigilar kaya. To ga shi nan, sun tallata shi har gadon asibiti.

Dogo nake ce masa. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci, bakina bai taɓa kama sunan ba, biro ma ba zai kama ba. Saffana ta musulunta, ta iya tuwo, ta iya gaisuwar surukai a waya, amma wannan ɗaya ta kasa gane shi. Ta taɓa tambayata ko mantawa nake yi.

Juma'a, 20 ga Yuni, bayan masallaci

Yau kowa ya zama likita. An fito daga salla, an tsaya a inuwa ana auna min ɗa kamar dilar gwanjo.

Wani ya ce ai masu tsayinsa ba su da yawa, ko da sanda yake tafiya za a ɗauke shi. Wani ya ce ina, ƙungiya ba gidan jinya ba ce. Wani da ko ƙwallon bai taɓa riƙewa ba ya ce matsalarsa jifa daga nesa. Tankari ya ce, "Alhaji, bari jin ta tasu. Ɗanka zaki ne, wallahi ko gwiwa guda ya hi su duka." Na ce masa ya rufa min asiri ya yi shiru, wanda suka yi a baya ma bai warke ba.

Ni ma na auna, a raina. Tsayi akwai. Hannun hagu da na dama duk ɗaya ne a wurinsa. Yana ganin fili, ba ya rowar ƙwallo. A ɗaya gefen kuma gwiwa, da fatar da ya gada a wurina, wadda har yau wasu in sun gan shi da rigar jami'ar sai sun tambaya ɗan ina ne. Ɗan nan ne. Takardunsa na ƙasar nan ne ta wajen uwa, shi ya sa ma yake cikin zaɓen. Saboda ƙwallon nan, jikan Malam na Yakasai sai ya nemi biza kafin ya je gidan kakansa. Na haɗiye wannan tuntuni, na ce tunda abin da ya zaɓa ke nan Allah ya sa albarka. In kuma ƙwallon ta ƙi shi, ban san me ya saya da abin da ya bayar ba.

Asabar, 21 ga Yuni, da yamma

An yi aikin. Da ya farka uwarsa ya nema. Ina bakin ƙofa.

Talata, 24 ga Yuni, bayan Magariba

Kocinsa na jami'a ya zo gida da kwandon lemo. Ya ce ƙungiyoyin da suke bibiyar yaron duk sun ja baya, saura ɗaya, ta wani gari can arewa inda ƙanƙara ke zuba. Su suna da haƙuri. Za su iya ɗaukarsa a ƙarshe-ƙarshen zaɓe, su yi jinyarsa shekara guda, in sun tabbatar zai dawo. Za su turo mutum ya bincika.

Dogo ya tashi zaune a karon farko tun da aka sallamo shi. Ya ci shinkafa kwano biyu. Saffana ta shiga kicin ta daɗe, ta fito ido jawur tana cewa albasa ce. Babu albasa a girkin yau.

Na ce wa kocin kada a yaɗa. Kada Tankari ya ji.

Alhamis, 26 ga Yuni, bayan Azahar

Mutumin ƙungiyar ya zo, kuma shago ya same ni, ba gida ba. Mista Liang. Siriri, mai gilashi, da ladabi kamar ɗan makarantar allo. Ya kawo min gwangwanin ganyen shayi. Baƙina uku daga kasuwar Kwari suna zaune a kan dila, Tankari ma ya ga baƙon ido ya bar kantarsa ya dawo ya tsaya a ƙofa.

Muka gaisa, na zuba masa shayi. Ya yaba yarena, na ce kasuwa ce ta koya min. Sannan ya ce, "Laoban," wato maigida da yarensu, "maganar gwiwa likitoci sun gama mana ita. Abin da hoto ba ya nunawa nake nema. Jinyar nan wahala ce ta kullum, shi kaɗai, ba 'yan kallo, ba tafi. Wasu suna jurewa, wasu suna saki a hanya. Kai ka haife shi. Wane irin yaro ne a gida?"

Ka ji tambaya. A tsakiyar kasuwa, gaban mutane, baƙo ya ce in buɗe baki in yabi ɗan fari. Ɗan da baki ya riga ya kayar.

Na yi dariya na ce wane yaro? Tsawo ne kawai. Ci da barci. In uwarsa ba ta buga masa ƙofa ba sai rana ta take. Tun yana ƙarami in ƙaya ta soke shi sai duk bene ya ji. Ya gyara gilashi ya ce da gaske? Na ce kai dai in kuna da abincin ciyar da shi ku ɗauka, ku rage min nauyi. Ya yi murmushi, ya ɗan rubuta wani abu a waya, ya gode min har da sunkuyawa.

Na ji daɗin yadda na fita. Haka mahaifina ya yi ranar da ya kai ni wurin maigidana a Kwari. Ya ce ga ragon nan na kawo maka, ba ya jin magana, ka yi ta dukansa. Maigidan ya dubi idonsa ya gane. Kafin watan ya ƙare ya miƙa min makullin shago.

Tankari ya tambaye ni me muka tattauna, don shi yarensu bai wuce meyo da shiyeshiye ba, wato babu da na gode. Na ce alheri.

Litinin, 30 ga Yuni, da hantsi

Ana jiran waya.

Na fito alwalar Asuba na same shi a falo, kwance a kan tabarma, ya ɗaura tawul a ƙafar yana jawo ta a hankali yadda aka koya masa. Ya cusa gefen rigarsa a baki ya cije don kada mu ji. Gumi har ƙasa. Ban san tun yaushe ya tashi ba. Ya ce ina kwana Baba. Na ce ka matsa min hanya.

Laraba, 2 ga Yuli, da rana

Shiru. Kwantenar Alhasan, wani da nake tura wa kaya Kano, ta maƙale, ya kira ni ya fi a ƙirga. Duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi, in duba in ga Alhasan.

Alhamis, 3 ga Yuli, bayan Magariba

Saffana ta jira sai da yaron ya shiga wanka. Da Hausa ta yi min maganar, wadda ba ta yi sai in tana so ta tabbatar ta shige ni.

"Alhaji, me ka gaya wa mutumin?"

Na ce gaisawa muka yi.

"Koci ya kira. Ya ce sun yi sanyi. Ya ce wai daga gidansu aka ce rago ne. Ni ban faɗa ba. Gidan nan mu nawa ne?"

Na ce mata ba ta san kan zancen ba, haka ake yi, duk mai hankali ya san uba ba ya yabon ɗan fari. Ta ce mai hankalin ina? Na ce ko'ina. Ta ce, "Nan ba Kano ba ce. Ka fi shekara ashirin a nan, ka san kuɗin kowane maɓalli a garin nan, ba ka san wannan ba?" Daga nan ta koma yarensu, ni kuma na ɗauki hulata.

Su ma ai suna yi. Na sha jin uwarta tana ce wa jikanta mummuna, tana dariya. Da na faɗa mata haka daga bakin ƙofa sai ta ce uwarta a ɗaki take faɗa, ba ga mutumin da ya zo da waya yana rubutawa ba.

Asabar, 5 ga Yuli, da safe

Ban faɗi abin da ba a faɗa ba. Kowa a Kano zai gane.

Asabar, da yamma

Kowa a Kano zai gane. Mutum ya yi karatu har ya sa gilashi amma bai iya duban idon uba ba. Laifin wa?

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan La'asar

Maganar ta kai kunnen Tankari, ta wajen matarsa. Ya shigo shago ya ja ƙofar gilashi ya rufe, abin da bai taɓa yi ba da rana.

"Alhaji, mi kac ce ma mutumen?"

Na maimaita masa. Na zaci zai gane, shi da yake namu. Ya zauna a kan dila ya riƙe kai.

"Kunya ta gida ce, aboki. Mu ma muna yin ta, ni ko sunan ɗiyata ta hwari ban kamawa. Amma in patron, mai ba da aiki, ya zo ɗaukar ta aiki sai in aika ƙanena shi yi magana. Don mi ba ka kira ni ba? Ina tsaye bakin ƙohwa kamar gunki."

Na ce ai bakinka ne ya karya shi tun farko. Na faɗa, kuma ban janye ba. Ya ce to, bon, nasa bakin ya karya gwiwa, a bar shi a haka, amma gwiwa an ɗinke ta, wanda nawa ya karya fa? Ya ce in tashi in nemi mutumin tun bai bar garin ba.

Da zai fita na ga ya cire hoton yaron daga jikin kantarsa ya sa a aljihu.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan La'asar

Na je unguwar Tianhe wurin Mista Liang. Na sa farar shaddata, har da turare, kamar mai zuwa neman aure. Koci ne ya samo min lokacin. Wani wurin shan shayi ne a ƙasan otal, sanyin na'ura har cikin ƙashi.

Duk hanya ina haɗa maganar. Da na zauna gabansa sai na fara da zafin gari, na koma kan tsadar jirgi. Yana ta duban agogo cikin ladabi. Daga ƙarshe na kafa ido a kan kofin na faɗa.

Na ce abin da na gaya maka ranar nan ba haka ba ne, al'adarmu ce. Yaron nan tun yana sakandare kafin a kira Asuba ya fita gudu, da ruwa da sanyi. Ya taɓa buga wasa da karyayyen yatsa bai gaya wa kowa ba sai da uwarsa ta ga ya kasa riƙe cokali. Yana azumi ya yi atisaye da su, bai taɓa neman a rage masa ba. Yanzu haka da na baro shi yana kan tabarma yana cizon riga. Na ce ban taɓa ganin mai juriyarsa ba, ni da na yi dako a Kwari. Na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa uwarsa ba. Zufa ta jiƙa min shadda a cikin wannan sanyin.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ƙara min shayi da hannu biyu.

Ya ce, "Laoban, na gane. Matarka ta yi fushi, koci ya yi fushi. Kada ka damu, ba zan gaya wa kowa ka zo ba." Na ce ba wanda ya aiko ni. Ya ce, "Na daɗe a aikin nan. Duk uban da na zauna da shi irin wannan maganar ta yau yake yi min, kusan kalma da kalma. Kai kaɗai ka taɓa gaya min wani abu daban. Shi ya sa na girmama ka. Ba kowane uba ne zai iya ba."

Na rantse masa da Allah. Ya sunkuya ya ce zai isar.

Ya hana ni biyan kuɗin shayin.

Juma'a, 11 ga Yuli, da rana

Ban tsaya a inuwa ba bayan salla. Na bi ta ƙofar baya.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan La'asar

Yau aka yi. A talabijin muka kalla, mu uku. Dogo ya sa sabuwar riga, ya miƙe ƙafar a kan kujera, waya a cinyarsa.

Wani mai baƙar kwat yana hawa yana kiran suna, yaro ya taso a sa masa hula. Sunansa na nan ƙasar nake saurare, wanda uwarsa ta raɗa masa, don shi ne a takarda. Aka kira yaran da na sha gani yana wuce su kamar an dasa su. Aka zo kan ƙungiyar arewa a zagaye na ƙarshe. Wakilinsu ya ɗaga hannu ya ce sun haƙura, ba za su ɗauki kowa ba.

Ba wani suka fifita a kansa ba. Gara su tafi hannu wofi.

Saffana ta kashe talabijin. Dogo ya cire rigar ya ninke ta da kyau, ya ɗauki sandunansa ya shiga ɗaki.

Talata, 15 ga Yuli, da safe

Ya san abin da na gaya wa Mista Liang a shago. Ashe tun makon jiya ya sani, bai nuna ba.

Ina shan koko ya zo ya zauna gabana. Hausarsa tana da ɗan karkata irin ta uwarsa, amma yau a miƙe ta fito.

"Baba, Kawu Tankari ya yi min bayani. Na san al'ada ce. Na san ka je Tianhe. Ban zo faɗa ba." Ya gyara ƙafar. "Abu ɗaya nake so. Ga mu nan mu biyu, ba baƙo, ba bakin kowa, ba abin da ya rage da zai karye. Mutumin can ya ji. Ni ban taɓa ji ba. A wurinka yaya nake?"

Duk maganar tana nan, ita ce dai ta ranar Laraba, ko harafi bai ɓata ba. Na faɗa wa baƙo mai gilashi. Na dubi fuskar yaron, fuskar Malam mahaifina sak, har girar.

Na ce ka sha maganinka?

Ya yi wata 'yar dariya. Ya ce na sha, Baba.

Alhamis, 17 ga Yuli, da yamma

Zai tafi. Wani abokinsa yana da makarantar koya wa yara ƙwallo a wani gari mai nisa, kusa da asibitin ƙashi. Zai riƙa tsaya musu yana jinya. Uwarsa ce ta gaya min. Ban tambayi yaushe zai dawo ba, ita ma ba ta ce ba.

Na sa baƙon da ya sauka jiya ya rage min dambun naman da ya zo da shi. Tun yana yaro yake son sa.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan Azahar

Mun raka shi tashar jirgin ƙasa. Mutane kamar ranar idi. Uwarsa ta rungume shi a gaban kowa, kanta bai kai ƙirjinsa ba. Ni na ba shi hannu na ce a kula da salla. Ya ce to.

Sai da ya wuce shingen da ba a bin matafiyi, ya yi nisa, na ga ledar dambun tana hannuna.

Ba ya ɓacewa a taro, kansa yana sama da na kowa. Na ce Dogo! Bai ji ba. Na ce kai! Kai yaro! Sandunan suna ta tafiya. Saffana ta dube ni, ba ta kira min shi ba.

Na ce Abdulhakeem.

Da ƙarfi ya fito, har ma'aikacin shingen ya juyo. Ban san haka sunan yake a bakina ba.

Ya tsaya. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga sun sauka. Mutane suna ta kauce masa ta dama da hagu, ni kuma ina ɗage da leda sama kamar mai talla. Ya daɗe a tsaye.

Bai waiwayo ba. Ya gyara sandunan a hammata ya ci gaba.

Ledar tana nan a kan tebur. Saffana ta ce in kai wa Tankari kafin ya lalace.